Barthélemy Tafinta da Rumbun Siminti

Shagona yana kan titin da ya gangaro daga babbar kasuwar Garwa ya nufi gada. Ina sayar da littattafan rubutu da alƙaluma, ina kuma da injin fotokofi guda biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana hutawa. Kakana ne ya zo garin nan daga Kano da fataucin goro, ya ga kogi, ya sauke kayansa bai ƙara ɗauka ba. Sunana Shu'aibu. A bakin wannan shagon na san Barthélemy, wanda 'yan kasuwa ba sa kiransa da komai sai Tafinta.

Dogo ne siriri, mai magana a hankali. In yana sauraronka sai ka ga idonsa ya wuce ta gefen kunnenka ya tafi wani wuri, har ka ɗauka hankalinsa ba ya tare da kai. Sai ka gama ya maimaita maka abin da ka faɗa, bai bar ko kalma ɗaya ba. Da la'asar yakan zauna a bencin da ke ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagona, ya miƙe ƙafafu, yana kallon balbelu suna wucewa layi-layi zuwa kogin Binuwai. Yakan yi rabin sa'a a haka. Ni ma ba na damunsa.

A duwatsun da ke kusa da Mokolo aka haife shi, inda ake noma dawa a kan matakalar duwatsu da aka jera da hannu tun zamanin kakanni. 'Yan mishan suka sa shi makaranta. Ya iya harshen mutanensa na dutse, ya iya Fillanci da Faransanci, Hausa kuwa a kasuwannin gindin dutse ya tsince ta tun yana bin mahaifinsa sayar da wake. Ya yi digirin farko, wanda muke ce wa lisans, a jami'ar Ngawundere, a fannin zamantakewa. Aikin gwamnati bai samu ba. Yana cikin zaman jira sai wata ƙungiyar raya karkara ta nemi wanda zai riƙa yi wa baƙinta fassara a ƙauyuka. Ya ce zai riƙe na wata shida. Shekara ashirin ya yi yana wannan aikin, daga wannan ƙungiya zuwa waccan: masu haƙa rijiya, masu allurar rigakafi, masu nazarin auduga, masu bin hanyar shanu. Kullum yana zaune a tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna, magana tana shiga ta wannan kunne tana fita ta bakinsa da wata riga.

Yana da shekara arba'in da shida ya shigo shagona wata safiya da tsohuwar ambulan. Ya zaro takardar lisans ɗinsa, ta yi ja saboda daɗewa, kyankyaso ya ci gefenta.

"Malam Shu'aibu, a yi mini kwafi huɗu. Makaranta zan koma."

Na ce, "Wace makaranta kuma, da furfura a haɓarka?"

Ya ce digiri na biyu zai yi a Ngawundere, a wani fanni mai suna anturopoloji. Da ya ga ban gane ba sai ya warware mini. Ilimi ne na nazarin yadda mutane suke zaman duniyarsu, abin da suke ci, yadda suke aure da makoki da rabon gona. Reshen da shi zai bi kuwa na aiki ne: kafin a gina wa mutane rijiya ko asibiti, a je a zauna da su a fahimci abin da zai karɓu a wurinsu.

"To ai shi kake yi shekara ashirin," na ce masa.

"A'a. Tambayoyin wasu nake ɗauka a ka ina kaiwa. Ina so in ga ko ni ma ina da tawa."

Matarsa Solange malamar firamare ce. Da ya gaya mata, ta dube shi ta ce, "Baban Mireille, in dai ba za ka dawo kana yi mana nazari a gida ba, Allah ya ba da sa'a." Mireille ɗin, babbar 'yarsu, tana shekarar farko a fannin shari'a a wannan jami'ar. Ita sharaɗi ɗaya ta kafa, wai kada ya kira ta da sunan gida a gaban ƙawayenta.

Haka ya fara. Litinin da asuba ya hau mota, Juma'a da yamma ya dawo. Yakan ba ni labarin hanyar kamar wanda ya je wata ƙasa. Ka bar Garwa zafi yana dafa ka, mota ta yi ta gudu cikin fili, sai ta fara hawan tudun nan mai lanƙwasa, manyan motoci suna nishi a gabanka, kunnenka ya toshe. Kana kaiwa sama sai iska ta canza, hazo ya kwanta a kan mangwarori, mutane sanye da rigar sanyi. Ya ce duk hawan da ya yi sai ya ji kamar shekarunsa suna zubewa a baya ɗaya bayan ɗaya, ya isa aji yana ɗan ashirin da biyar, sai ya zo zama gwiwarsa ta tuna masa.

Su goma sha bakwai ne a ajin, duk ya girme su nesa. Suna yin darasin hanyoyin bincike, da na lafiya da al'ada, da na raya karkara, da wani a kan amanar mai bincike. Wadda ta fi shiga ransa cikin malaman ita ce Madam Irène, gajeriyar mata mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. Aikin farko da ta ba su shi ne kowa ya sami wuri ɗaya ya zauna sa'a uku, ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai. Barthélemy ya tafi tashar jirgin ƙasa. Ya rubuta shafi tara a kan masu dako, da shanun da ake kora cikin tarago, da wata mata da ta zauna a kan buhu tana ɓare lemo ba ta sha. Da takardar ta dawo, Madam Irène ta zagaye kowane "saboda" da jan alƙalami. Guda talatin da ɗaya.

Ya kawo mini takardar yana murmushi kamar wanda aka ba kyauta. "Ta ce wa ya gaya mini dalilin da ya sa matar ba ta sha lemon? Na ce a fuskarta na gani. Ta ce to in rubuta fuskar, in bar dalilin sai na tambaya."

A zango na biyu ne abin ya faru. Ranar Asabar ce da hantsi. Ya zo da wata maƙala mai shafi ashirin da wata 'yar ajinsu, Fa'iza, ta ara masa, cikin jerin abin da aka ce su karanta a darasin raya karkara. Na sa a inji. Yana tsaye yana ɗaukar shafukan da ɗuminsu yana dubawa. A shafi na goma sha ɗaya ya tsaya. Injin ya ci gaba da tofo takardu bai ƙara miƙa hannu ba. Ya fita ya zauna a benci.

Na bi shi da sauran takardun. "Lafiya?"

Ya nuna mini wani layi da yatsa ya juya mini shi da Hausa: "Wata tsohuwa ta shaida mana ta bakin tafinta cewa tana murna da rumbun gayya, sai dai wurin ya yi mata nisa."

Ya ce, "Tafintan ni ne. Kuma ba haka ta ce ba."

Sai ya ba ni labarin. A shekararsa ta biyu da fara aiki, ƙungiyar da yake yi wa fassara ta so ta gina wa wani ƙauyen dutse babban rumbu na siminti a bakin hanya, inda kowa zai kai hatsinsa a ajiye wuri ɗaya, ƙwaro ba zai ci ba, gobara ba za ta taɓa ba. Aka turo wani Bature mai bincike, wanda yanzu ya rasu, ya ji ra'ayin mutane. Sun yini suna hawa da sauka. Gidan ƙarshe na wata tsohuwa ne, rana ta karkata, Baturen ya gaji, direba yana jira a ƙasa. Aka tambaye ta ko za ta kai dawarta sabon rumbun.

Ta daɗe tana magana, tana dafe da cikin rumbunta na laka da ke tsakiyar gida. Ta ce in ta kai hatsinta can, duk gari zai san yawan abin da ta noma, ranar da ya ƙare ma kowa zai sani. Ta ce wannan rumbun ko mijinta bai taɓa leƙa cikinsa ba. In ƙanwarta ta zo da damina yunwa ta kama gidanta, takan ɗibar mata ta sa a ƙarƙashin ganye ta wuce da shi ba wanda ya gani, washegari su haɗu a rijiya su gaisa ido cikin ido. Ta ce ta yaya za ta yi haka a wurin da akwai mai gadi da makulli da littafi?

Barthélemy yana da shekara ashirin da shida a lokacin, da takardar jami'a a aljihu. Ya ce kunya ta kama shi, ya ji maganar ta tsofaffi ce, Bature zai ɗauke su marasa wayewa. Ga gajiya, ga shi ya san amsar da ake so a ji. Sai ya naɗe duk maganar ya ce tana murna, nisa ne kawai matsala. Baturen ya rubuta. Da za su tafi tsohuwar ta kira shi baya ta zuba masa dafaffiyar gyaɗa a aljihu.

Rahoton ya tafi. Aka fasa ginawa a bakin hanya, aka gina rumbun a kan dutse kusa da gidaje. Shi kuma ya koma wani aikin, bai ƙara taka ƙauyen ba. Ashe Baturen ya mai da binciken maƙala, maƙalar kuma ta yi farin jini, har ana koyar da ita a matsayin misalin sauraron jama'a.

Ranar Litinin ya je ofishin Madam Irène ya gaya mata komai. Ta cire tabarau tana gogewa har ya gama.

"Misye Barthélemy, me kake so in yi maka? In yafiya ce, ba ni ka yi wa ba."

"Ban sani ba, Madam. Na ga ya kamata ki sani, tunda kina koyar da ita."

"Zan ci gaba da koyar da ita, amma da labarinka a gefe, in ka yarda. Kai kuma ka daɗe kana cewa ba ka sami abin da za ka rubuta kundinka a kai ba. Ka koma ka sake yin tambayar."

Da rani ya yi, ya ɗauki jaka da ƙaramar na'urar ɗaukar murya ya tafi. Mota ta kai shi Mokolo, aka wuce shingayen sojoji, mai babur ya kai shi gindin dutse, saura ya hau da ƙafa. Ya ce hanyar ba ta canza ba, sai dai ta ƙara tsawo. Duwatsu manya-manya zaune a kan juna kamar yanzu za su gangaro, amma haka ya bar su. Zafi yana rawa a kansu, har ya riƙa ganin kamar gidajen masu tsinin rufi suna shawagi.

Waƙa ya fara ji kafin ya ga ginin. Rumbun yana nan da rufin kwano, shuɗin fentin ƙofarsa ya koɗe. A ciki babu ko ƙwayar hatsi. Benci huɗu ne da mata goma sha biyu suna koyon waƙar coci, wai don muryarsu tana daɗi a cikin siminti. Ya tsaya a ƙofa har suka kai ƙarshen baiti. Sannan ya yi gaisuwa da harshensu, ya kwatanta gidan tsohuwar.

Wata mata mai kimanin shekara hamsin da biyar ta miƙe. Ta ce sunanta Denise, tsohuwar mahaifiyarta ce, Lucienne, ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Sai a ranar ya san sunan tsohuwar.

A tsakar gidan, kusa da rumbun lakar da yanzu ya zama na Denise, ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Bai rage komai ba. Ta saurara tana tsince wake a tire.

Ta ce, "Ai Mama ta sani. Ba ta jin Faransanci, amma ta ji tsawon maganarta, ta ji tsawon taka. Bayan tafiyarku ta ce mana, ɗan nan ya haɗiye mini magana, da gani yunwa yake ji. Shi ya sa ta ba ka gyaɗa."

Ya ce ya yi dariya, sai ya ji idonsa ya cika.

Denise ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tiren ta dafa bayan wuyanta. "Amma ɗan'uwa, da a bakin hanya aka gina shi, mota ce za ta sauke yashi. Da aka ce a kan dutse, mu muka ɗauko. Wata biyu muna hawa da yashi da siminti da ruwa a ka. Ina da cikin ɗana na uku. Wuyan nan bai manta ba."

 Can ta tashi ta share masa ɗakin ɗanta da ke aiki a Marwa, ta ce ya zauna iya kwanakin da yake so.

Wata uku ya yi a wurinsu. Ba a bar shi ya leƙa rumbun kowace mace ba, shi ma bai roƙa ba. Yakan zauna a bakin ƙofa a kan dutsen niƙa da ya tsufa, na'ura a gefe, wadda ta yarda ta yi magana ta yi, wadda ba ta yarda ba su yi hirar ruwan sama. Ya koyi cewa rumbun mace yana da ɗakuna a ciki, na dawa daban, na wake daban, na iri daban, har da lungun da take ɓoye abin wuyanta. Ya koyi yadda ake haɗa hatsi da toka da wani ganye mai ɗaci don korar ƙwaro, da cewa ganyen yana ƙaranci yanzu, sai an yi tafiyar rabin yini. Ya gano abin da yake damun matan ke nan tun asali, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Da tsakar rana, in kowa ya shige inuwa, yakan kwanta a kan wani faffaɗan dutse ƙarƙashin tsamiya, muryoyin da ya ɗauka suna yawo a kansa. Ya ce wani lokaci har ya kasa bambanta wadda ke cikin na'ura da wadda ke tashi daga gidajen ƙasa.

Kundin ya ɗauke shi wata takwas. A shagona aka buga shi aka ɗinke. Shafi ɗari da sittin ne, kusan rabinsa maganganun matan ne da harshensu, layi-layi, da Faransanci a ƙarƙashi. Babi na biyu labarin kansa ne da Lucienne. Shawararsa ta ƙarshe gajeriya ce: duk mai son taimakon waɗannan gidajen ya bar hatsi a inda yake, ya taimaka a dasa itacen ganyen nan kusa, a kuma gyara gindin rumbunan laka da ɓera ke fasawa.

Ranar kare kundin na rufe shago muka bi shi, ni da Solange. Ban taɓa shiga jami'a ba sai ranar. Malamai uku suna zaune a gaba da dogayen riguna, Madam Irène a gefen hagu. Mireille ta zo da ƙawayenta suka cika layi guda. Ya yi bayani minti ashirin. Sai babban cikinsu, wani dattijo mai sanƙo, ya rufe kundin ya ce, "Da bakinka ka ce ka taɓa canza maganar mutane. Don me za mu yarda da kai yanzu?"

Idon Barthélemy ya tafi taga. Solange ta damƙe bakin mayafinta.

Ya ce, "Kada ku tsaya a kan yarda da ni, Farfesa. Muryoyin da masu su suka amince a ajiye suna nan, na miƙa wa sashe. A jami'ar nan akwai ɗalibai daga duwatsunmu. A ba kowanne ya saurara ya gwada da abin da na rubuta."

Dattijon ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Suka fita suka dawo, muka miƙe tsaye, aka ce ya ci da yabo.

Bai zama babban mutum ba. Har yanzu ƙungiyoyi ne suke ɗaukarsa aiki na 'yan watanni, sai dai yanzu shi yake tsara tambayoyin, kuma an san shi da jinkiri, inda wasu ke yin mako ɗaya shi sai ya nemi wata guda. Wasu sun daina kiransa don haka, wasu kuma don haka suke nemansa.

Mako biyu bayan kare kundin ya koma dutse da kwafi ɗaya. Tunda matan ba sa karanta Faransanci, sai ya zauna da su yamma uku a jere yana juya musu shi da harshensu. Suka gyara masa abu biyu. Wata ta ce a cire sunanta, wata ta ce ita don me ba a sa nata ba. A yamma ta uku hadari ya taso daga gabas, ruwan farko ya sauka. Kafin gari ya waye rafin da ke gindin dutsen ya cika ya tumbatsa, babur ba ya ƙetarewa.

Kwana tara ya yi a can. Duk ƙauyen ya fita shuka, Denise ta miƙa masa fartanya ta nuna masa matakala uku na gonarta ta sama. Rabonsa da riƙe fartanya tun yana ɗan shekara goma sha biyar. A kwana na huɗu wayata ta yi ƙara ina cikin ɗinke wa wani ɗalibi takardu. Barthélemy ne, ya hau wani tsauni inda waya take kamawa, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa.

Na ce, "Tafinta, yaushe za ka dawo?"

Ya ce, "Sai ruwa ya janye. Hannuna duk ya yi bororo. Malam Shu'aibu, ka taɓa ganin gajimare daga sama? Ga shi nan a ƙarƙashina ya rufe kwarin gaba ɗaya. Ina jin muryar masu shuka a cikinsa, amma ba na ganin kowa."

Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce bari ya sauka, an bar masa rabin matakala bai gama ba.